Da Kwanon Abinci Aka Fara: Abin da Waɗanda Suka Fito Daga Jonestown Suka Faɗa

Ɗaya daga cikin ma'aikatan sashen raya al'umma ne ya gabatar da wannan jawabi a taron bita na masu rabon kayan agaji da dattawan ikkilisiyoyi. Mun buga shi domin waɗanda ba su sami zuwa ba.

 

An ce mu yi magana a kan ƙungiyoyin addini da suke mallake mabiyansu har mutum ya kasa fita ko da ya gaji da zama. Mun ga gara mu ɗauki ƙungiya ɗaya mu dube ta da kyau, da mu yi ta tsalle daga wannan zuwa waccan. Wadda muka ɗauka ta ƙasar Amurka ce. Sunanta Peoples Temple, wato Haikalin Jama'a, shugabanta kuwa Jim Jones. Mun ɗauke ta ne domin waɗanda suka fito daga cikinta da rai sun yi magana sosai, wasu a littattafai, wasu a takardun rantsuwa, wasu a hira da 'yan jarida. Akwai kuma wani dalili da zai ɗan dame mu a ɗakin nan. Haikalin ya yi suna ne a kan irin aikin da mu muke yi: ciyar da mayunwata, kula da tsofaffi, da taimakon marasa lafiya.

Bari mu faɗi ƙarshen labarin tun yanzu domin mu ajiye shi gefe. A ranar 18 ga Nuwamba 1978, a wani sansani da suka gina cikin dajin ƙasar Guyana a Kudancin Amurka, wanda suka kira Jonestown, mutum 909 suka mutu, kusan dukansu ta hanyar guba. Idan aka haɗa da waɗanda aka kashe a filin jirgi da kuma babban birnin ƙasar a ranar, sun kai 918. Kusan kashi ɗaya cikin uku yara ne. Abin da duniya ta riƙe ke nan. Amma idan ka saurari waɗanda suka tsira, ba a wannan rana suka fi daɗewa ba. Sun fi daɗewa a kan shekarun da suka gabace ta, suna ƙoƙarin gane yadda aka yi suka kai can.

Yadda suka shiga

Jones ya kafa ikkilisiyarsa a birnin Indianapolis a 1955. A lokacin, a yawancin majami'un Amurka, baƙar fata da farar fata ba sa zama a benci ɗaya. A Haikalin kuwa suna zama tare, suna waƙa tare, suna cin abinci tare. Ikkilisiyar ta buɗe wurin cin abinci kyauta, tana raba tufafi, tana da gidajen kula da tsofaffi. Jones da matarsa Marceline suka ɗauki yara na jinsi dabam-dabam suka riƙe kamar nasu. A 1960 Haikalin ya shiga ɗarikar Disciples of Christ, ɗarika ce sananniya mai mutunci, a 1964 kuma ɗarikar ta naɗa Jones fasto. A 1965 suka koma jihar Kalifoniya, aikin ya ƙara faɗi: ana taimakon masu shan miyagun ƙwayoyi su daina, ana ba talakawa lauyoyi, ana kai ɗalibai makaranta a ba su masauki. A 1976 magajin garin San Francisco, George Moscone, ya sa Jones cikin hukumar kula da gidaje ta birnin, har ya zama shugabanta.

To, su wane ne suka shiga? Hyacinth Thrash baƙar fata ce da ta girma a kudancin Amurka inda wariya ta fi tsanani. Ita da 'yar'uwarta Zipporah sun shiga tun a shekarun 1950, domin sun ga wurin da farar fata ke gaishe su da mutunci. Odell Rhodes tsohon soja ne da ƙwaya ta kayar a titunan Detroit, a Haikalin ya rabu da ita. Vernon Gosney farar fata ne da ya auri baƙar fata, mutane da yawa suka juya musu baya, Haikalin ya karɓe su. Laura Johnston Kohl ta yi ilimi, tana cikin matasa masu fafutukar neman adalci, ta shiga a 1970 domin ta ga mutanen da suke aikata abin da wasu ke faɗa da baki kawai.

Deborah Layton, wadda ta zama ɗaya daga cikin masu riƙe kuɗin ƙungiyar kafin ta gudu, ta sha nanata cewa babu wanda yake tashi da niyyar shiga ƙungiyar da za ta cuce shi. Mutum yana shiga ikkilisiya ne, ko ƙungiyar taimakon jama'a, tare da mutanen da yake ƙauna. Muna roƙonku ku riƙe wannan, domin sau da yawa idan mun ji irin wannan labari sai mu ce ai wawaye ne ko jahilai. Akwai malaman jinya a cikinsu, akwai malaman makaranta, akwai lauyoyi, akwai 'ya'yan fasto. Kuma taimakon da suka samu da farko na gaske ne. Rhodes ya daina ƙwaya da gaske. Tsofaffin sun ci sun ƙoshi da gaske.

Yadda ƙofofi suka riƙa rufewa

A nan za mu ɗan daɗe, domin nan ne zuciyar maganar.

Babu ranar da aka ce wa mutum, daga yau kai bawa ne. An bi a hankali. Baiko ya yi ta hawa har ya kai kashi 25 cikin ɗari na abin da mutum ke samu. Daga nan aka fara ƙarfafa mutane su koma zama a gidajen ƙungiya, su miƙa albashinsu gaba ɗaya, a riƙa ba su ɗan abin kashewa. Tsofaffi aka ce musu, me za ki yi da gida ke kaɗai? Ki ba Haikali, mu kuma za mu kula da ke har ƙarshen ranki. Thrash da 'yar'uwarta sun sayar da gidansu sun miƙa kuɗin. Haka tsofaffi da yawa suka miƙa kuɗin fanshonsu da na tallafin da gwamnati ke biyansu kowane wata. Yara kuma aka riƙa ba wasu iyalai na ƙungiyar riƙonsu, wai domin a sauƙaƙa wa iyaye.

Ku duba kowane ɗaya daga cikin waɗannan shi kaɗai. Ɗaki ga tsohuwa alheri ne. Magani alheri ne. Riƙon yaro alheri ne. Amma idan ɗaki da abinci da magani da makarantar ɗanka da aikin yinka da dukan abokanka sun fito daga hannu ɗaya, ranar da ka yi saɓani da mai hannun, a ranar za ka rasa su duka. Tsohuwa mai shekara 70 da ta sayar da gidanta, ina za ta kwana idan ta fita? 'Ya'yanta na waje an riga an raba ta da su, an ce mata ba su da amana. Waɗanda suka fito sun ce ba sai an sa mai gadi a ƙofa ba a waɗannan shekaru. Ƙofar a buɗe take, amma babu inda za ka.

Sai gajiya. Ana aiki da rana, a yi taro da dare, wani lokaci har gari ya waye. Ƙarshen mako a hau manyan motoci a tafi Los Angeles wa'azi, a dawo a wuce wurin aiki. Mai yawan barci ana ɗaukarsa mai son kai. Kusan kowa cikin waɗanda suka ba da labari ya ambaci wannan. Wanda bai yi barci ba ba ya iya zama ya auna abin da ya gani jiya.

Sai kuma takardu. An sa mutane sun sa hannu a farar takarda da ba a rubuta kome a kai ba, wasu kuma an sa sun rubuta da hannunsu cewa sun aikata munanan laifuffukan da ba su aikata ba, kamar lalata da 'ya'yansu ko shirin kashe shugaban ƙasa. An ce musu gwajin aminci ne kawai. Takardun suna ajiye, kowa kuma ya san abin da za a yi da su idan ya fita ya buɗe baki.

Horo ma a hankali ya shigo. Da farko tsawatawa ce a gaban jama'a. Daga baya aka kawo bulala, aka kawo katako. Elmer da Deanna Mertle, waɗanda suka sake suna zuwa Al da Jeannie Mills bayan sun fita a 1975, sun ba da labarin yadda aka yi wa 'yarsu mai shekara 16 duka sau 75 da katako a gaban taro. Wanda aka doka kuma sai ya gode wa Jones, ya kira shi Baba, domin haka kowa ke kiransa. Abin da ya fi ci wa iyayen rai daga baya shi ne, suna wurin, ba su tashi ba, kuma ba a daren suka bar ƙungiyar ba. Jeannie Mills ta rubuta littafi a 1979 tana ƙoƙarin bayyana yadda uwa za ta iya zama ta ga haka. Amsar ba ta da daɗi. Jama'a da yawa suna zaune, babu wanda ya motsa, sai ka ɗauka kai ne ba ka fahimta ba.

Wannan shirun shi ne babban makamin. Jones ya sa mutane kai rahoton juna, miji ya kai na mata, ɗa ya kai na uwa. A Guyana ya sanar cewa zai riƙa aiko wasu su yi kamar suna gunaguni ko suna so su gudu, domin a ga wanda zai ji ya yi shiru. Daga ranar, idan ƙawarki ta raɗa miki cewa ta gaji, ba ki san ko da gaske take ko tarko ba ne. Hanya mafi sauƙi ita ce ki kai ƙararta. Bayan abin ya faru, waɗanda suka tsira suka haɗu suka tarar cewa da yawa cikinsu sun daɗe suna shakka, kowa yana tsammani shi kaɗai ne. Layton ta bar mahaifiyarta a sansanin tana fama da ciwon daji, ba ta iya gaya mata cewa ba za ta dawo ba. Leslie Wagner-Wilson ta ɓoye wa mijinta shirinta na gudu, domin yana cikin manyan masu tsaro.

Akwai wani abu da ya shafi waɗanda suke kusa da shugaba, wato ma'aikata irinmu. Warkarwar da Jones ke yi a gaban jama'a, da yawa shiri ne. Ana nuna hantar kaza da kayan cikinta a ce ciwon daji ne ya fita daga jikin mutum. Ana aika mataimaka su binciki shara da gidajen mutane a ɓoye, su kawo bayani, sai Jones ya faɗa a kan bagade kamar wahayi. Waɗanda suke yin wannan sun san ƙarya ce. Me suka gaya wa kansu? Cewa mu'ujizar ce take jawo jama'a, jama'a ke kawo kuɗi, kuɗin kuma ke ciyar da talakawa. Duk wanda ya taɓa zama zai rubuta rahoto ga masu ba da tallafi ya san muryar da take cewa, ƙara ɗan gishiri, ai don talakawa ne. Muryar ɗaya ce, girman ƙaryar ne ya bambanta. Kuma wanda ya taimaka aka yi ƙarya sau ɗaya ya ɗaure kansa, domin idan ya tona, kansa ya tona.

Game da koyarwa ba za mu daɗe ba. A hankali Jones ya riƙa jefar da Littafi Mai Tsarki a ƙasa a gaban jama'a, yana cewa cike yake da kurakurai, yana sa kansa a matsayin Allah. Tsofaffin da suka girma cikin ikkilisiya da yawa ba su ji daɗin wannan ba. Amma a lokacin gidansu ya riga ya tafi.

An yi gargaɗi, ba a ji ba

A 1972 wani ɗan jarida mai suna Lester Kinsolving ya fara buga jerin labarai a kan Haikalin a wata jaridar San Francisco. Mabiya suka yi zanga-zanga a ƙofar jaridar, aka dakatar da sauran labaran. A 1973 matasa takwas suka fita tare, suka bar wasiƙa suna ƙorafi cewa yawancin mabiya baƙar fata ne amma shugabanci yana hannun farar fata. A watan Agusta 1977 mujallar New West ta buga shaidar tsofaffin mabiya a kan duka da ƙwace dukiya da warkarwar ƙarya. Kafin ta fito Jones ya tsere zuwa Guyana, ɗaruruwan mabiya suka bi shi cikin 'yan watanni. Duk da haka manyan mutane da dama sun ci gaba da kare shi, suna nuna yawan mutanen da yake ciyarwa. Ɗarikar da ta naɗa shi ma ba ta cire Haikalin daga cikinta ba har ranar da abin ya faru. Aikin alherin ya zama garkuwa. Wa zai tsaya ya saurari mutum goma masu ƙorafi a kan wanda yake ciyar da dubbai?

A cikin daji

Jonestown yana da nisan kimanin kilomita 240 daga Georgetown, babban birnin Guyana, daji ne ya kewaye shi. Da isarka za a karɓi fasfonka. Ana karanta wasiƙu kafin su fita ko su shiga. Kimanin kashi 70 cikin ɗari na mazauna wurin baƙar fata ne, mata da tsofaffi suna da yawa.

Layton ta gudu a watan Mayu 1978, a watan Yuni kuma ta ba da shaida a rubuce bisa rantsuwa. Ta ce ana aikin gona daga ƙarfe 7 na safe zuwa 6 na yamma, kwana shida a mako, ranar Lahadi kuma har ƙarfe 2. Abinci shinkafa ce da safe, romon shinkafa da rana, shinkafa da wake da dare, ranar Lahadi a ba kowa ƙwai ɗaya da biskit ɗaya. A lokacin nan kuɗin tallafin tsofaffi da ke shigowa daga gwamnatin Amurka ya haura dala 65,000 kowane wata, kuma akwai miliyoyin daloli a bankunan Panama da Suwizalan. Ta san wannan domin tana cikin waɗanda aka aika su buɗe asusun. Muryar Jones tana fita ta lasifika sa'o'i da yawa kowace rana, shi kaɗai ne kuma hanyar jin labarin duniya. Yana gaya musu cewa a Amurka ana shirya sansanonin tsare baƙar fata, babu wurin komawa. Mai laifi ana rufe shi cikin akwatin katako, ko a yi masa alluran da za su kashe masa jiki.

Da dare ana tashin kowa a tara shi a rumfar taro, a ce abokan gaba sun kewaye su. A ɗaya daga cikin irin waɗannan darare aka ba kowa abin sha aka ce guba ce, suka sha, daga baya aka ce gwaji ne. Layton ta ce a daren gajiya ta kai ta matsayin da ba ta damu ba ko ta rayu ko ta mutu. Ta yi gargaɗi a fili cewa ana shirin hallaka mutane gaba ɗaya. Wata biyar ke nan kafin ranar.

Yanzu ga abin da ya shafi duk wanda yake fita ziyarar duba aiki. Jami'an ofishin jakadancin Amurka sun sha zuwa Jonestown, suna tambayar mutane ko suna so su tafi. Amsar da suke samu ita ce a'a, muna jin daɗi. Waɗanda suka tsira sun bayyana dalili. Kafin baƙi su zo ana koya wa kowa abin da zai faɗa, a ranar kuma abinci yana gyaruwa, a sa tufafi masu kyau. Baƙon zai tafi da yamma, kai kuwa a nan za ka kwana. Da ɗan majalisar wakilai Leo Ryan ya zo ranar 17 ga Nuwamba 1978, an yi masa kiɗa da waƙa, har ya tashi ya ce wa taron ga alama wasu suna ganin wannan wuri shi ne abu mafi kyau da ya taɓa samunsu, aka yi ta tafi ba ƙaƙƙautawa. A wannan daren ne Vernon Gosney ya miƙa wa wani ɗan jarida 'yar takarda a ɓoye, yana roƙo a fitar da shi da wata mai suna Monica Bagby. Tafin gaskiya ne ga wasu, takardar ma gaskiya ce. Mu da muke zuwa ƙauye mu tara jama'a a gindin bishiya, mai riƙe da makullin sito yana zaune a gefenmu, mu tambaya ko rabo yana tafiya daidai, ya kamata mu san nauyin amsar da za mu samu a irin wannan zama.

Washegari waɗanda suka bi Ryan ba su kai 20 ba, cikin mutum kusan 1,000. Duk da haka Jones bai iya jurewa ba. 'Yan bindigarsa suka bi su filin jirgi na Port Kaituma, suka kashe Ryan da 'yan jarida uku da wata mace cikin masu fita. A sansanin aka tara jama'a. Akwai kaset na wannan taro. Ana jin wata mace mai shekara 60, Christine Miller, ta tashi tana gardama da Jones, tana cewa yaran sun cancanci su rayu, har taron ya danne muryarta. Da jarirai aka fara, ana zuba musu gubar a baki da sirinji, masu tsaro da makamai suna kewaye. Tim Carter, wanda ya ga matarsa da ɗansu jariri suna mutuwa, ya yi shekaru yana cewa kada a kira abin kisan kai na son rai, domin yaro ba ya zaɓa, wanda aka kewaye da makami ma ba ya zaɓa. Muna ganin yana da gaskiya.

Odell Rhodes ya sulale ya ɓuya. Hyacinth Thrash, a shekara 70 da 'yan kai, ta shige ƙarƙashin gadonta, da gari ya waye ta fito ta tarar 'yar'uwarta tana cikin matattu. Leslie Wagner-Wilson ta riga ta fita da safiyar ranar tare da wasu 'yan mutane, sun ce za su je shan iska, ta goya ɗanta mai shekara 3 suka bi daji tafiyar kimanin mil 30. Mahaifiyarta da 'yan'uwanta da mijinta duk sun mutu a can.

Bayan fita

Mutane suna tsammani da mutum ya fita shi ke nan ya huta. Waɗannan sun koma Amurka ba gida, ba kuɗi, ba dangi, ga jama'a suna gudunsu. Abin da ya faru har ya zama abin ba'a a bakin Amurkawa, suna kwatanta duk mai bin wani ido rufe da waɗanda suka sha gubar, kuma masu makoki suna jin wannan a rediyo da talabijin. Wasu sun ɓoye tarihinsu shekara da shekaru. Mike Prokes, kakakin ƙungiyar, ya kashe kansa a watan Maris 1979. Gosney ya bar ɗansa Mark mai shekara 4 a sansanin ranar da ya fita, yaron ya mutu a ranar, uban kuma ya ɗauki wannan nauyi har mutuwarsa a 2021. Laura Kohl kuwa, da ta dawo sai ta shiga wata ƙungiyar mai suna Synanon, wadda ita ma ta yi ƙaurin suna wajen mallake mabiyanta, ta yi kimanin shekara 10 a ciki. Kada mu yi mamaki. Ta saba da zama cikin jama'a masu ci tare da aiki tare, kuma wannan ce ƙofar da ta samu a buɗe.

Su kansu ba su yarda da juna a kan kome ba. Layton ta kwatanta Jonestown da kurkuku. Kohl, har rasuwarta a 2019, tana cewa ta ƙaunaci zaman wurin da mutanensa, kuma kewarsu ce ta fi damunta. Ba ma ganin ɗayansu ta yi ƙarya. Ya danganta da inda aka sa mutum aiki, da abin da ya gani, da abin da ya baro a baya. Abin da muka ɗauka daga nan shi ne, idan wani ya fito daga irin wannan ƙungiya ya zo wurinmu, kada mu matsa masa sai ya tsine wa kome da kowa kafin mu karɓe shi. A can ya bar abokansa, wataƙila da 'ya'yansa. Kada kuma mu yi gaggawar tsayar da shi a gaban ikkilisiya ya ba da shaida. Daga wurin da ake tsayar da mutane a gaban taro ya fito.

Kada wani ya ce wannan halin Amurkawa ne. A Kanungu ta ƙasar Yuganda, a watan Maris 2000, ɗaruruwan mabiyan wata ƙungiya suka ƙone cikin majami'arsu, da aka haɗa da gawawwakin da aka tono a wasu gidajen ƙungiyar suka haura 700, su ma sun riga sun sayar da dukiyarsu sun miƙa wa shugabanni. A dajin Shakahola na Kenya, daga 2023, an tono gawawwaki fiye da 400 na mutanen da aka ce su yi azumi har mutuwa.

Ba mu kawo wannan labari domin mu zargi wata ikkilisiya ko wani ma'aikaci ba. Amma buhun masara iko ne, jerin sunayen masu karɓa ma iko ne. Gwauruwar da take karɓar hatsi da magani da kuɗin makarantar 'ya'yanta duk daga hannunmu, za ta iya ce mana ba ta yarda da mu ba? Idan ta daina zuwa sujada, sunanta zai tsaya a jerin? Idan ta gan mu mun yi ba daidai ba, akwai wani wanda ba mu ba da za ta iya kai wa ƙara? Shi ya sa a ganinmu bai kamata ma'aikaci ya riƙe katin shaidar wani ko takardar gonarsa ba, ko da don adana ne. Shi ya sa kuma muka fi son taimakon da zai bar mutum da akuyarsa da gonarsa da danginsa, a kan wanda zai sa ya dogara gare mu a kome, ko da na biyun ya fi kyan gani a rahoto.

Gawawwakin Jonestown an kwashe su zuwa sansanin sojan sama na Dover a Amurka. Fiye da 400 ba a sami mai karɓarsu ba ko ba a gane su ba, da yawa yara ne. Maƙabartu da dama suka ƙi karɓarsu, sai ta Evergreen a birnin Oakland ta yarda, aka binne su tare a 1979. Sai a 2011 aka kafa duwatsu masu ɗauke da sunayen mutum 918. An sa sunan Jim Jones a cikin jerin, wannan kuma ya raba waɗanda suka tsira da iyalan mamatan. Wasu sun ce shi ma a ranar ya mutu, tarihi ne. Wasu sun ce ba za su iya ganin sunansa a dutse ɗaya da na 'ya'yansu ba, har aka kai maganar kotu. Sunan yana nan, kuma kowace shekara ranar 18 ga Nuwamba ana taruwa a wurin.

Shugaban taro, a nan za mu tsaya. Bayan hutun shan shayi za mu kasu rukuni huɗu bisa ga gundumominmu. Kowane rukuni ya duba jerin masu karɓar taimako na yankinsa, ya ƙirga gidaje nawa ne suke samun abu uku ko fiye daga hannunmu, ba tare da an rubuta sunan kowa a allo ba.